Soron Fitila na Tafkin Marke

Inna Barakatu tana zaune a gindin soron tana goge ƙwan fitila da gefen zanenta sa'ad da aka fara sauke injin daga bayan a-kori-kura. Ƙartin gari sun kewaye shi, wannan ya ce a kama nan, wancan ya ce a'a, can ne kansa. Autanta Zailani kuwa yana tsaye a gefe cikin wando mai faɗin ƙafa da takalmi mai tudu, yana ba da umarni yana nutsewa a hankali cikin laka. Shekarar Udoji ce, shekarar da kuɗi suka zubo ƙasar nan kamar an kwance bakin buhu, duk yaron da ya je Kaduna sai ya dawo da rediyo ko babur. Nata da lantarki ya dawo.

"Inna, aje wannan tsohuwar fitilar haka nan," in ji shi, yana share gumi. "Daga yau kin huta da hawa. Maɓalli kawai za a taɓa."

"To, Auta. Allah shi yi albarka," ta ce, ta ci gaba da gugarta.

Soron Fitila ake ce masa, ko da yake ba soro ba ne sosai. Doguwar hasumiya ce ta tubali, mai ƙiba a gindi, siririya a sama, tana tsaye a bakin Tafkin Marke kamar tsohuwar da ta fito leƙen hanya. Kakan mijinta, Sarkin Fito Mani, shi ya ta da ginin, a zamanin da duk mai zuwa kasuwar Sheme daga tsallaken tafki sai ya shiga kwalekwale. Wata damina wasu 'yan kasuwa suka yi yamma a kan ruwa, hadari ya rufe su, suka rasa inda mashigi yake, suka yi ta zagaye cikin ciyawa har jirgin ya kife. An rasa mutane daga gaɓar nan, an rasa daga waccan. Da aka share makoki sai Musulmin wannan gefe suka buga tubali, Maguzawan tsallake suka saro giginya suka kawo azara, aka haɗu aka yi aikin. Tun daga lokacin, kowace magariba wani daga gidan Sarkin Fito zai hau ya kunna wuta a sama, mutanen tsallake su amsa da ɗan damin kara, mai jirgi ya san gabansa ya san bayansa. Da kasko da man kaɗe aka fara, aka koma aci-balbal, har aka zo kan fitilar ƙwan da ke cinyarta yanzu.

Ita kanta Inna Barakatu 'yar tsallake ce. Can har gobe Talatu suke ce mata. Tana budurwa tana kawo tallan daddawa, Malam Lawwali mai fito ya yi ta kai ta yana dawo da ita, jirgi yana ƙara nawa duk ranar da take ciki, har sauran fasinja suka fara ƙorafi. Ta musulunta, aka ɗaura aure, ta tare a gidan da ke gindin soron. Da Malam ya rasu sai hawan ya faɗo kanta, domin 'ya'yan duk sun watse neman abinci.

Sai kuma zamani ya juya. Aka yi titi ya zagaya tafkin ta can nesa, motoci suka kwashe 'yan kasuwa, mai fiton ƙarshe ya jingine sandarsa ya tafi masaƙa a Kaduna. Kwalekwalen suka ruɓe a cikin ciyawa, kwaɗi suka gaje su. Babu sauran jirgin da ke neman hanya, amma Inna Barakatu ba ta daina hawa ba, domin a tsallake akwai mutum ɗaya da bai daina amsawa ba, ƙanenta Audi, wanda daga ita sai shi suka rage a ɗakinsu.

Rabon su da ganin juna tun ranar da fito ya mutu. Ba don babu hanya ba. Audi ya taɓa ganin motar kasuwa ta wuntsila a kwanar Sheme, ya rantse da kakanninsa ƙafarsa ba za ta taka wannan akwatin gawa ba. Ita kuma ta ce tun da aka halicci duniya ƙane ke zuwa gaida ya, ba ta ga dalilin da za a fara sauya tsari a kanta ba. Taurin kan gida ɗaya ne, nono ɗaya suka sha shi. Sai ya zama kullum magariba ta ɗaga fitila, ta tsaya tana ƙifta ido, can sai wani ɗan ja ya ɓullo a gindin bishiyoyin tsallake. Ta san ya wuni lafiya, ya san ta wuni lafiya, kowa ya koma ya ci tuwonsa. Mutanen gari suna yi mata dariya, su ce tsohuwa tana yi wa kifi haske.

Abin da ya kawo injin shi ne faɗuwar da ta yi a farkon damina. Santsi ya kwashe ta a matakala, ta yi kwanaki tana jan ƙugu. Labari ya kai wa Zailani a inda yake tuƙi a kamfanin hanya, ya zo ya zauna a gabanta yana hawaye kamar ba gemu gare shi ba. Yau ga shi ya cika alkawari. Ya gayyaci Mai'unguwa Nata'ala, ya sa an dafa shinkafa, har makaɗa ya ɗauko daga Faskari.

Ita dai ta riga ta gama lissafinta a zuci. Ta taɓa ganin lantarki a asibitin Funtua, ɗan ƙwai ne rawaya yana lilo a jikin waya. Wannan ai ba zai tsare mata komai ba. Za ta bar yaron ya yi bikinsa, idan ya koma Kaduna ta ci gaba da lallaɓawa sama da fitilarta. Ba ta ga amfanin karya masa zuciya ba. Da ta ga ana jan wani abu mai faɗin faifai da igiya zuwa saman soron, lulluɓe da buhu, sai ta ɗauka murfi ne na kare ƙwan daga ruwan sama.

Aka idar da sallar magariba, gari ya hallara. Mai'unguwa ya gyara rawani ya yi jawabi a kan ci gaba, ya ce yau Bakin Marke ta kama ƙafar Funtua. Zailani ya ja igiya, injin ya yi tari ya mutu. Ya sake ja, ya kama da ƙara kamar ana yanka jaki. Makaɗa suka saki ganga. Mai'unguwa ya yi bisimilla ya danna maɓallin da ɗan yatsa ɗaya, yana ja da baya.

Sai gari ya waye. Irin fitilar da kamfani ke aikin kwalta da ita ce, fara fat, ta zubo daga saman soron ta shimfiɗu a kan ruwa har ana ganin ganyen bado. Yara suka ɓarke da ihu, mata suka rangaɗa guɗa, kaji suka sauko daga kan katanga suna neman tsaba. Inna Barakatu ta kare ido da tafin hannu ta ɗaga kai.

Sau ɗaya tak ta taɓa ganin kan soron nan da haske haka, ranar da Malam ya cika. Al'adar gidan ce tun daga Sarkin Fito Mani: idan mai kunna fitila ya rasu, sai a hau da dammunan kara a tara a sama a cinna musu wuta, babba, domin mutanen tsallake su sani su zo. Ƙaramar wuta lafiya, babbar wuta mutuwa. Ga kuma ganga tana tashi, alhali a can tsallake tsoho ake yi wa kiɗa in ya tafi.

"Auta! Kashe! Kashe ta!"

Wa zai ji ta? Inji yana ruri, ganga tana ruri. Ta kutsa cikin mutane tana ɗingishi, suna ba ta hanya suna tafi, sun ɗauka rawa ta fito. Sai da ta damƙi rigar Zailani ta jawo kunnensa zuwa bakinta.

"Ka kashe ni, Auta! Ka shaida ma kawunka na mutu!"

Ya tsaya yana kallon ta, bai gane ba. Mai'unguwa ne da ke kusa ya fara ganewa, domin da shi aka hau da karan Malam. Ya dafe rawani ya ce, "Innalillahi! Wallahi na sha'afa. Yaro, kashe abin nan maza."

Inji ya mutu, ganga ta yi shiru, duhu ya dawo ya fi na da. Inna Barakatu ta ƙyasta ashana, ta kunna fitilarta, ta kama matakala. Zailani ya bi ta a baya yana tare ta da hannuwa biyu. A sama ta ɗaga fitilar, ta sauke, ta sake ɗagawa. Idonta cike yake da farin tabo, ta murza, ta jira. Babu ja a gindin bishiyoyi. Sai da iska ta juyo sannan ta kawo musu wani abu siriri daga tsallaken ruwa, yana zuwa yana yankewa. Kukan mata ne.

"Bari in ta da mota yanzu, Inna."

"Ka bi ta ina? Rafin Kuka ya cika, kwalbatinku ba ku gama ba. Da duhun nan sai dai a yi gawa ta gaskiya." Ta zauna a dandamalin, ta aje fitilar a bakin taga. "Ni ba kukan ke damu na ba. Na san Audi. Ranar da uwarmu ta rasu sai da aka ɗaure shi. Ina tsoron kar shi jawo ruɓaɓɓen jirgin nan daga ciyawa shi ce zai hwaɗo ruwa."

Zailani ya durƙusa a gabanta, takalmi mai tudu duk ya yi kaca-kaca da laka. "Ni hutu na so in ba ki."

"Na sani." Ta dafa kansa. Tausayinsa ya kama ta, ga haushi, ga tsoro, ta rasa wanda za ta fara da shi. "Laihina ne da ban tambaye ka girman ƙwan ba. Tashi ka ƙaro mani kananzir. Yau ba za ta mutu ba sai rana ta hito."

Haka fitilar ta kwana tana ci, a karo na farko cikin shekaru tana yi wa jirgi haske, ko da akwai jirgin ko babu. Inna Barakatu ba ta runtsa ba.

Da gari ya waye babu komai a kan ruwa sai agwagin daji. Zailani ya matsa mata ta sauko, ya zaunar da ita a ƙofar gida, maƙwabciya ta kawo mata koko a ƙwarya. Shi kuma ya tafi ta da a-kori-kura, wadda ta zaɓi wannan safiyar ta ƙi tashi. Ana cikin turi ne aka jiyo gurnanin babbar mota daga hanyar Sheme.

Motar kasuwa ce mai bodin katako, ta sha laka har wuya. Tun kafin ta tsaya kuka ya riga ta isowa. Mata suka fara dirowa daga baya, hannuwa a ka, suna kiran Talatu ta tafi, Talatu ta bar su. Ta gaba ta taho a guje za ta faɗa cikin gida, sai ta yi kiciɓis da mamaciyar zaune a kan tabarma, ludayi a hannu. Kukan ya yanke nan take. Ta yi baya da baya, ta juya, ta koma cikin mota ta kwanta a kan buhuna.

Sannan aka buɗe ƙofar gaba. Wani tsoho ya zuro ƙafa ɗaya yana laluben ƙasa, idanunsa a rufe gam, da alama haka ya rufe su tun daga inda ya shiga. Da ƙafar ta taɓa ƙasa ya buɗe. Ya rame, kansa ya yi fari tas, ya ranƙwafa fiye da yadda ta bar shi. A hammatarsa akwai ƙunshin farin alawayyo.

Suka kalli juna.

"Yaya," in ji Audi. Ya matso, ya miƙa ɗan yatsa ya taɓa goshinta. "Da ɗumi."

"Da ɗumi mana. Koko nike sha."

"To mi ya sa kunka yi babbar wuta?"

"Ɗanka za ka tambaya. Ga shi can ya ɓuya bayan mota."

Audi bai waiwaya ba. Ya zube a gefen tabarmar, ƙunshin ya faɗi ya warware. Ya rufe fuska da hannuwa, kafaɗunsa suna girgiza, ba a san ko kuka yake ko dariya ba, shi ma da wuya in ya sani. Inna Barakatu ta aje ƙwaryar. Ta so ta yi masa faɗa irin na ya, ta ce tsoho da shi bai ji kunya ba, amma ta fasa. Sai ta kama hannunsa ta riƙe, hannun nan da ta sha ja zuwa rafi yana ƙarami.

"Na jawo jirgi," in ji shi da ya samu numfashi. "Gindin ya zube tun ina bakin gaɓa. Mero ta zauna bisa ƙafata har assalatu." Mero ita ce matarsa. "Sai na ce to, ku Musulmi ba ku jiran kowa, da hantsi kun rufe mutum. In na taho a ƙasa sai dai in gaida kabari. Munka taka har bakin kwalta. Na tashi mai kanti daga barci na ce shi yanko mani irin wanda kuke sa ma naku."

Ta ɗauki alawayyon ta murza shi tsakanin yatsu. "Mai kyau ka zaɓo."

"Da mi zan zaɓo?"

"Ashe dai kana shiga mota."

"Gawa na zo ɗauka, shi ya sa na shiga akwatinta. Kar ki sa rai da na biyu."

"Ai sai ka koma a ƙasa."

Nan dariya ta ɓalle wa jama'a, har da wadda ke kwance a kan buhuna. Aka jawo Zailani daga bayan mota ya zo ya durƙusa yana ba da haƙuri, kansa a ƙasa. Audi ya dube shi tun daga gashin da ya tara har zuwa takalmin, ya ce, "Kai ne autan? Uwarka ta yi shekaru tana kira na da 'yar wutarta ban zo ba. Kai dare ɗaya ka kawo ni. Tashi, ka hi ta iya kira." Sauran shinkafar jiya aka ɗumama wa masu makoki, akuyar da suka taho da ita domin sadaka ita ma ba ta tsira ba. Mai'unguwa ya yanke hukunci a mayar da babbar fitilar filin kasuwa, a juya mata baya ga tafki.

Da azahar motar ta kwashi mutanen tsallake ta koma da labari. Audi ya ce cikinsa bai gama dawowa mazauninsa ba, sai gobe. Suka wuni a inuwar soron, suna lissafa waɗanda suka mutu da waɗanda aka haifa, suna musu a kan shekarar da fari ya cinye gero. Ya shafa azarar ƙofa ya ce wannan kakansu ne ya saro ta, ta ce ƙarya yake, ƙanen kakan ne.

Da rana ta faɗi ta yi sallarta, ta ɗauki fitila. Zailani ya dubi fuskarta, bai hana ta ba. Ya dai tsaya a gindin matakala. Audi ya bi bayanta, yana hawa yana hutawa yana zagin wanda ya yi matakalar, domin bai taɓa hawa soron ba a rayuwarsa. A sama ta gyara lagwani, ta kunna, ta ɗaga.

"Wa zai amsa, kana nan?" ta ce.

"Mero. Na aika mata ta yi."

Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa a bakin tagar. Ruwa ya yi baƙi, bishiyoyin tsallake sun haɗe sun zama abu ɗaya. Audi ya ƙura ido, ya ce shi bai ga komai ba. Ta kama haɓarsa ta juya masa kai kaɗan zuwa hagu.

"Can. Ƙasa da doguwar giginyar nan."

Sai ya gani. Wani ɗan ja ne, bai fi ƙwayar dawa ba, yana ɓullowa yana ɓacewa, in mutum ya ƙifta ido sai ya sake nema. Audi ya daɗe yana kallo. Shi da yake tsayawa kusa da wutar kullum har tana gasa masa fuska, bai taɓa tunanin haka take isowa ba.

"Wannan ɗan abin kike hawowa ki gani? Da ƙugun naki?"

"Shi."

Ya ja hanci, ya goge ido da bakin riga. "In na koma zan riƙa ƙara kara. Dami babba zan riƙa sa maki."

"Kar ka soma," in ji Inna Barakatu, ba ta ɗauke ido daga ruwan ba. "Bar ta ƙarama yadda take. Ina ganin ta."